Haƙorin Azurfa da Saniyar Goggo Dije

Shekaruna saba'in da takwas a bana, abin da zan rubuta muku kuwa ya haura shekara ashirin da aukuwa. Da na so in tafi da shi kabari, ba don na ji yadda kai Yohanna, babban ɗana, ka ba da shi a gaban ikilisiya ranar godiyar kaka ba. Ka ce mahaifinka ya tsaya a tsakiyar ruga, da wuƙa a hannunsa, ya shaida Almasihu ba tare da tsoro ba. Jama'a suka yi ta jinjina kai, wasu mata suka juyo suna dubana, ni kuwa na sunkuyar da kai ina duban takalmina. Ban ga laifinka ba, gama haka labarin ya iso kunnenka, an yanke masa kai da ƙafafu an bar tsakiyar da ke da daɗin ji. To, ga shi cikakke daga bakin mai shi, domin kada ku gaji yabon da ban cancanta ba, ku rasa gargaɗin da na saya da dukiyar wata baiwar Allah.

Kun san asalinmu daga kudancin ƙasar Katsina yake. Ubana Bamaguje ne da ya karɓi bishara yana magidanci, ya fasa tukwanen tsafin gidansu da hannunsa, 'yan'uwansa suka shekara bakwai ba su ci tuwo a akushi ɗaya da shi ba. A gidan wannan mutum aka haife ni, aka raɗa mini suna Haruna. Aikin malamin dabbobi ne ya kawo ni ƙasar Daura, na kuwa riƙe shi da kyau, ba na jin kunyar faɗa. Daga Kongolam har ƙasar Mashi ba makiyayin da zai ce na taɓa yi wa saniyarsa allurar ruwa a maimakon magani. Ina duban tafiyar dabba daga nesa in faɗi abin da ke cinta. Ban da wannan kuma ni mutum ne mai son tufa da son magana mai kyau. Ban taɓa fita babu babbar riga ba, Hausata kuwa ko dattawan birni sukan tsaya su saurara. A ikilisiyarmu ta Daura, wadda ba ta da yawa, an zaɓe ni dattijo sau uku a jere. Na lissafa waɗannan duka domin ku gane ta ƙofar da aka shigo mini. Giya ba ta taɓa jan raina ba, matar wani ba ta taɓa hana ni barci ba. Girma nake so, in shiga wuri a tashi tsaye.

Shekara guda kafin a ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, wani bijimi ya kai mini ƙaho a wurin allurar rigakafi ya fasa mini haƙorin sama. Na tafi Kano aka rufe shi da azurfa, don mai gyaran ya ce ita ce ba ta lalacewa. Ban kawo kome a raina ba. A Daura kowa ya san ni, ya san bijimin, abokan aiki ma suka yi ta tsokanata suna tambaya ko ta jirgin ƙaho na yi hajjin. Daga baya aka mai da aikina ƙasar Baure, aka ba ni ɗaki a Babban Mutum, inda nake kwana daga Litinin zuwa Alhamis, in hau babur in komo gida. Can ba wanda ya san ni. Lokacin kuwa zukatan Kiristoci ba su kwance ba. Labaran tashin hankali suna ta zuwa daga kudu, wasu baƙi 'yan kasuwa da muke sujada tare suka kwashe iyalinsu suka tafi, benci uku na majami'armu suka zama ba kowa. Wajibi ne in rubuta gaskiya a nan: a ƙasar Daura ba wanda ya ɗaga mini yatsa, ba wanda ya tare ni a hanya ya tambaye ni addinina. Tsoron da na ji na ji shi ne daga rediyo da bakin mutane. Amma daga baya na mai da shi mayafi, na rufe wani abu da ya fi tsoro muni.

Ranar da na fara zuwa rugar Ardo Sambo, shugaban makiyayan wannan yanki, na sauka daga babur na yi sallama, na yi murmushi. Ardo ya dubi rigata, ya dubi furfurar gemuna, idonsa ya tsaya a kan bakina. Sai ya miƙe tsaye, ya sa aka ɗauke tabarmar da aka shimfiɗa mini aka kawo buzu.

"Marhabin da Alhaji," in ji shi. "Ashe babban mutum aka aiko mana. Allah ya sa mu ma mu je mu ga abin da ka gani."

Kalma biyar sun isa su raba ni da wannan suna a wannan safiya. Na buɗe baki, sai na ga mutum goma sha sun durƙusa suna gaishe ni, matasa sun cire takalma. Na ce a raina, ba yanzu ba, kada in kunyata dattijo a gaban mutanensa, in mun keɓe na gaya masa. Na ce amin, na zauna a kan buzun. Ba mu keɓe ba a ranar. Mako na gaba da muka keɓe, sai na ga ai maganar ta tsufa, zai tambaye ni me ya hana ni faɗa tun farko.

Ku lura da kyau, 'ya'yana, gama nan ne ilimin yake. Ban taɓa furta da bakina cewa ni Musulmi ne ba, ban taɓa cewa na je Makka ba, kuma da wannan na riƙa wanke kaina kowace Lahadi. Shiru kawai na yi. Amma shirun nan yana da ciki, kullum sai an ba shi abinci. Da azahar ta yi, in na ga sun fara neman ruwan alwala, sai in tashi babur in ce akwai garken da ke jirana, su ce Alhaji zai tsaya a hanya, in bar su a kan haka. Bayan wata biyu na sayi buta na ɗaure a bayan babur. Na gaya wa kaina don wanke hannu ne bayan aiki, alhali shekara talatin ina wanke hannu ba buta. Da watan azumi ya kama, ba na cin kome a gabansu, wannan kuwa ɗabi'ata ce tun da can don girmama maƙwabta. Amma a wannan shekara in sun ce mini, Alhaji ya ibada, sai in amsa da godiya ga Allah, in haɗa da ɗan nishi irin na mai ƙishirwa. Ranar Alhamis nake barin Babban Mutum, don haka Juma'a ba ta taɓa kama ni ba, har na fara ganin wannan kamar Allah ne ya shirya mini. A kasuwa mahauta suna zaɓa mini tsoka, a kan kira ni sulhu tsakanin manomi da makiyayi, in yi magana a ce Alhaji ya yanke. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarami ne, ba wanda zan ɗauka in kai gaban fasto in ce ga zunubi. Da na waiwaya sai na tarar wata goma sun wuce, ina da suna biyu da fuska biyu, na kuma fi jin daɗin wadda ba tawa ba.

Mahaifiyarku Rahila ce ta fara ganewa. Wata Asabar Ardo ya shigo Daura, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidanmu, ya zo da ƙwaryar man shanu. Ina zaune a zaure na ji muryarsa a waje yana tambaya ko nan ne gidan Alhaji malamin dabbobi. Rahila kuwa ta shirya za ta taron zumuntar mata, tana sanye da zanensu mai hoton gicciye a jiki. Na tashi da sauri na tare ta a tsakar gida.

"Ki koma ɗaki tukuna, ina da baƙo."

"Baƙon ai sai in gaishe shi in kawo masa ruwa," ta ce.

"To, ki sake zane."

Ta dubi zanen, ta dube ni. Shekara ashirin da tara muna tare a lokacin, ban taɓa ganin wannan kallo a idonta ba. Ta shiga ɗaki ta zauna, ba ta sake zanen ba, ba ta kuma je taron ba. Ni na kai wa Ardo ruwa da kaina, na ce mai ɗakin ba ta jin daɗi. Na zaunar da shi a zaure yadda zai ba wa ƙofar falo baya, saboda kalandar ikilisiya da ke rataye a bango. Bayan ya tafi na shiga da ƙwaryar man, na ajiye a gabanta.

"Malam, wane ne Alhajin da ake nema?" ta tambaye ni.

"Mutanen daji ne, haƙorin nan suka gani. Kin san halin da ake ciki. Ina shiga rugage ni kaɗai, ba wanda zai ji kukana."

"Sun ce za su taɓa ka?"

"Ba su ce ba."

"To, mutumin da ya ɗauko man shanu tun daga ƙasar Baure ya kawo maka, shi kake tsoro?" Ta ture ƙwaryar gefe da bayan hannu. "Wannan na Alhaji ne. In ya zo ka ba shi. Ni matar Haruna ce."

Na yi fushi ƙwarai, na ce mata ba ta san kome game da aikin maza ba. Man nan ya zauna a kan kanta har ya yi tsami, ba ta sa shi a miya ko sau ɗaya ba.

Lahadin da ta biyo baya ta Jibin Ubangiji ce, ni ne kuma dattijon da ke zagayawa da faranti a ɓangaren mata. Na bi layi ina miƙawa, kowace ta ɗauki gutsuren gurasa, har na iso kan Rahila. Ta haɗa hannuwanta a kan cinya, ta sunkuyar da kai. Na tsaya da farantin a gabanta har matar da ke kusa da ita ta ɗago ta dube mu, sannan na wuce. A hanyar gida na ce mata ta tozarta ni.

"Ba zan karɓi jikin Ubangiji daga hannun da ya ɓoye shi a zaure ba," ta ce. "In na yi kuskure, shi ya gafarta mini."

Kuna tsammani wannan ya isa ya farkar da mutum. Bai isa ba. Na koma Babban Mutum ranar Litinin da butata a bayan babur, na ma ji sauƙi da na isa inda ake tashi tsaye a gaishe ni. Addu'ata ta asuba ta gajarce, daga baya ta zama 'yan kalmomin da nake faɗa ina ɗaura takalmi.

Bayan an yanke gero aka aiko mini da safe daga rugar Ardo, wai haihuwa ta gardama wa wata saniya. Saniyar ta Goggo Dije ce, yayar Ardo, tsohuwa wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza kuma suka tafi da garkensu kudu ba su komo ba. Ita kaɗai ce dabbar da ta rage mata, fara sol, ita take tatsa ta sami abin kai wa kasuwa. Na tarar ɗan ya mutu a ciki tun jiya. Na tuɓe riga, na yi aiki har rana ta ɗaga kafin in fitar da shi, amma uwar ta yage ta ciki, jini yana ta zuba. Na yi mata allura, na ce a jira a gani, ko ta tashi ko ta gaza. Muna cikin haka wani ya zo a kan keke da labarin rasuwar wani dattijo a rugar da ke hayin rafi, za a kai shi kafin azahar. Maza duka suka tashi. Ardo ya dubi babban ɗansa Buba ya ce ya zauna saboda saniyar, sai kuma ya sake shawara.

"Kai ma taho, kawunka ne. Ga Alhaji yana nan." Ya zare wuƙarsa daga kube ya miƙo mini. "In ka ga ta gaza, ka sa mata wuƙa kada ta yi mushe. Ko naman ne mahauta su ɗauka, tsohuwa ta sami abin sayen karsana."

Kun san al'adar. Dabbar da ta mutu ba yanka ta haramta gare su, ba a ci, ba a sayarwa. Matansu ba sa yanka. Mutanen wannan ruga kuma ba sa cin yankan kowa sai na Musulmi, na san haka sarai. Buba yana tsaye a gabana, takalminsa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Da na yi magana a wannan lokaci, da ya ajiye takalmin ya zauna, da ba a yi hasarar kome ba sai girmana. Na miƙa hannu na karɓi wuƙar.

"Ku sauka lafiya," na ce. "Allah ya ji ƙansa."

Wannan shi ne wurin da ba a faɗa a majami'a ba, Yohanna. Na tsaya ina kallonsu har suka ɓace a cikin karan dawa, ina roƙon Allah a zuciyata ya tashi saniyar nan don kada asirina ya tonu. Ko a addu'ar ma kaina nake nema wa mafita.

Ba ta tashi ba. Kafin inuwa ta dawo ƙarƙashin itace numfashinta ya fara sarƙewa, kunnuwanta suka yi sanyi, ta miƙe wuya a ƙasa. Ba kowa a rugar sai ni da Goggo Dije da Hassi matar Buba mai goyo, sai wasu mata biyu. Goggo ta shafa goshin saniyar, ta yi mata magana da Fillanci a hankali, sannan ta ɗago.

"Alhaji, lokaci ya yi. Kada mu makara."

Matan suka kama ƙafafu, muka juya ta ta fuskanci gabas. Na durƙusa, na kama maƙogwaron, na ɗora wuƙar. Ba zan ɓoye muku abin da zuciyata ta riƙa gaya mini ba, gama ban taɓa jin murya mai kama da ta alheri kamar wannan ba. Ta ce mini, Allah ɗaya ne, kai ma da sunansa kake yanka kaza a gidanka. Ta ce, gwauruwa ce, wannan ne dukan abin da ta mallaka, tausayi ya fi tsattsauran ra'ayi. Ta ce, ka yanka yau, wata rana ka nemi sauyin wurin aiki ka tafi, ba wanda zai sani har abada. Na kuwa yarda. Na riga na ja numfashi zan furta kalmomin da na ji suna furtawa sau dubu. Sai Goggo Dije ta dafa gwiwar hannuna, hawaye yana bin kumatunta.

"Na ji sanyi," ta ce. "Ko ba kome, hannun da ya taɓa ɗakin Allah ne zai raba ni da ita."

Na dubi hannun. Jini ne da majina har gwiwa, hannun da ya karɓi buzu, ya ɗaura buta, ya tare Rahila a tsakar gida. Na ga tsohuwar nan tana jingina baƙin cikinta a kan abin da babu shi. Na ga naman yana shiga kasuwar Babban Mutum, yana shiga tukunyar kowane gida da ya amince da ni. Na kuma gane cewa in wuƙar nan ta wuce, ba ni da sauran bakin da zan kira sunan Yesu da shi, ko a ɓoye. Ba ƙarfin hali na ji ba. Na janye wuƙar na ajiye ta a kan ciyawa.

"Goggo, ban taɓa zuwa Makka ba. Ni Kirista ne. Bijimi ne ya fasa mini haƙori aka sa wannan. Yankana ba zai halatta muku ba."

Ba ta gane ba da farko, sai da na maimaita. Ta saki hannuna a hankali. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, ta juya ga Hassi ta ce ta ruga gonaki ta nemo ko wane namiji. Na ce zan ɗauki babur, ta ce in zauna in riƙe kan saniyar, tun da wannan dai ya halatta. Hassi ta ruga da goyonta. Na zauna da kan dabbar a cinyata, Goggo tana wancan gefe, ba wanda ya dubi wani. Da Hassi ta komo da wani manomi yana haki da lauje a hannu, saniyar ta riga ta yi shuri na ƙarshe. Mutumin ya taɓa idonta, ya girgiza kai, ya koma gonarsa.

Na jira Ardo. Zan iya hawa babur in tafi, amma na zauna inda nake. Da suka komo bayan azahar, Hassi ta tare su ta gaya musu. Matasa suka fara gunaguni, Ardo ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya zo ya ɗauki wuƙarsa daga kan ciyawa, ya goge, ya mai da kube, sannan ya tsaya a gabana.

"Malamin da ya riga ka aiki nan Kirista ne, mutumin kudu," in ji shi. "Shekara shida yana shan nononmu, yana kwana a bukkar baƙi. In saniya ta kwanta mukan bar masa namiji a gida. Abin da za mu yi maka ke nan."

"Na yi kuskure, Ardo."

"Da safe na miƙa maka wuƙa, Buba yana tsaye."

"Haka ne."

"To." Ya juya ga matasan. "Ku ja ta can bayan rafi, kada yara su gani."

Suka ɗaura mata igiya a ƙafa suka ja. Goggo Dije ta bi su da ido har suka shiga kwari, ta ɗauki ƙwaryar tatsarta da ke jingine a turke, ta shiga bukka da ita. Kafin in tashi babur angulaye sun fara kewaya sama. Ba wanda ya raka ni.

Na iso gida ranar Talata, abin da ban taɓa yi ba. Rahila tana tankaɗe a tsakar gida, ta ga tufafina da jini. Na zauna a kan turmi na gaya mata duka, har da karɓar wuƙar. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"Saniyar fa?" ta ce.

"Ta yi mushe."

Ta ajiye rariyar ta yi kuka, ba don ni ba, don tsohuwar da ba ta taɓa gani ba. Ranar Lahadi na tsaya a gaban ikilisiya na faɗi abin da na yi, na ajiye dattijantaka, aka sa ni a horo, na zauna a bencin baya wata shida ba na cin Jibi. Mutanen da na yi wa hukunci a dā suna wucewa ta gabana su je su karɓa. A ƙasar Baure kuwa labari ya bazu, rugage huɗu suka ƙi kawo shanunsu rigakafi a wannan shekara muddin ni ne mai allurar, har sai da aka turo wani. Akwai karsana da nake kiwo a wurin wani aboki don ranar da zan bar aiki, na sa aka kai wa Goggo Dije. Ta ce a mayar. Ardo ne ya ɗaure ta a garkensa ya ce a bar ta nan, daga baya na ji Hassi ce ke tatsa ta kai mata nonon. Na koma rugar sau da yawa bayan ƙura ta lafa, Ardo yana karɓata da mutunci a kan tabarma, yana ce mini Malam Haruna. Goggo kuwa takan amsa gaisuwata, amma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake kirana da wani suna ba.

Na yi niyyar komawa Kano a cire haƙorin. Mahaifiyarku ce ta hana.

"Haƙori bai yi ƙarya ba, Malam," ta ce. "Ka bar shi inda yake, ka riƙa amsawa."

Shi ya sa kuke ganinsa har yau. A tasha, a asibiti, a wurin ta'aziyya, da wuya wata ya wuce wani bai ce mini Alhaji ba, ni kuma in ce masa ni Kirista ne, bijimi ne ya ba ni haƙorin. Wasu su yi dariya, wasu su janye hannu, yawanci su ce ba kome Baba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, har yanzu da tsufana, duk sa'ad da aka kira ni da sunan nan, akwai wani ɗan daɗi da ke tasowa a ƙirjina kafin in buɗe baki, yana ce mini bari ya wuce, baƙo ne, ba za ka sake ganinsa ba. Bai mutu ba. Na dai koyi cewa a gaisuwar farko ake amsa masa, lokacin da amsar ba za ta ci saniyar kowa ba.

Waɗanda suka ga wannan al'amari yawancinsu sun riga ni. Ardo Sambo ya rasu, Goggo Dije ta rasu, mahaifiyarku da ta ƙi karɓar gurasa daga hannuna tana kwance a maƙabartar ikilisiya. Buba ya yi ƙaura da shanunsa, ban san inda yake ba. Saura Hassi. Ta tsufa ita ma, amma tana kawo nono kasuwar Babban Mutum, tana zama a gindin bishiyar bedi kusa da masu sayar da igiya. Kafin ka sake ba da labarin nan a gaban jama'a, Yohanna, ka je ka same ta. Kada ka tambaye ta abin da aka ce na faɗa da wuƙa a hannuna. Ka tambaye ta tsawon gudun da ta yi da goyo a bayanta, da abin da ta tarar sa'ad da ta komo.